Maganar hankakan Poe mutuntarwa ce ko kuwa?

Ɗaliba: Malam, an ba mu waƙar hankaka ta Edgar Allan Poe, wadda ta fito a 1845, aka ce mu tsamo adon harshe. Na rubuta mutuntarwa, wato bai wa abin da ba mutum ba halin mutum, tunda tsuntsun yana magana, sai aka soke min. Abin ya tsaya min a rai.

Malamin adabi: Wanda ya soke yana da hujja, 'yata. Hankaka yana iya kwaikwayon maganar mutane kamar aku, kuma Poe ya faɗa a maƙalarsa ta 1846 cewa aku ya fara tunanin sawa. Kalma ɗaya tak tsuntsun yake maimaitawa, mai nufin ba za a ƙara ba har abada. Mutumin da ke ba da labarin, wanda tsuntsun ya shigo ɗakinsa, shi ma cewa ya yi ƙila a bakin wani maigida da wahala ta ci ya haddace ta. Ina mutuntarwa a nan? Alamtarwa ce: tsuntsun alamar tunawa ce mai ciwo wadda ba ta gushewa.

Tsohon ɗalibi: Allah gafarta Malam, ban yarda duka ba. Ai kafin tsuntsun ya buɗe baki an ce ya shigo da ƙasaita irin ta basarake, bai ko rusuna ya gaida maiɗaki ba, ya haye kan gunkin Pallas, allahiyar hikima ta Girkawa, da ke saman ƙofa. Tsuntsu ne aka ba girman kai irin na mutum. Ƙanwata ta ga abin, wurin da ta nuna ne ba daidai ba.

Malamin adabi: Wannan na karɓa. Amma Poe ya ce siffantawa ta farko a waƙar, wato kiran abu da sunan wani abu kai tsaye, tana baiti na 17 cikin 18, inda mutumin ya ce wa hankaka ya zare bakinsa daga zuciyarsa.

Ɗaliba: To Malam, garwashin baiti na 2 fa? Daren Disamba, mutumin yana makokin Lenore, masoyiyarsa da ta mutu, kowane garwashi da ke mutuwa yana zana fatalwarsa a daɓen ɗaki. Ni nan ne tsigar jikina ta tashi. Garwashi yana da fatalwa ne?

Tsohon ɗalibi: Ba shi da ita. Ko dai Poe ya manta, ko kuma bai lissafa irin wannan ba.

Malamin adabi: Kin kama ni, 'yata. Ki koma wa malaminku da baitin garwashin da na shigowar tsuntsun, ki ji abin da zai ce.