Tambaya: cajar maganaɗisu, kes da fawa bank a lokacin rangwame, wanne ya kamata in fara saye?

Malamar Firamare:

Assalamu alaikum. Ina riƙe da iPhone 13 wadda na saya ta hannu, maigidana kuma yana amfani da Samsung Galaxy S25. Tun da watan Nuwamba ya kama, shagunan intanet suka fara rangwamen da suke kira Black Friday, nake ta ganin cajoji masu maganaɗisu waɗanda ake manna wa waya a baya, da kes mai zobe, da ƙaramin fawa bank mai mannewa, da kuma abin riƙe waya a mota. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a hoto duk kamarsu ɗaya, amma sai ka tarar kuɗin wata ya ninka na wata sau uku ko fiye, kuma kowacce an rubuta mata cewa ta dace da MagSafe, wato tsarin cajin maganaɗisu na kamfanin Apple. Ina so in sayi abin da ni da maigidan za mu iya amfani da shi tare, ba tare da na lalata batir ko na yi asarar kuɗi ba. Masu sani, don Allah ku ba ni shawara kafin rangwamen ya ƙare.

Mai Gyaran Waya:

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin ki duba farashi, ki fara tantance abin da kowace waya take da shi a cikinta, domin wayoyin nan biyu ba ɗaya ba ne. Kamfanin Apple ya fara saka zoben maganaɗisu a bayan wayoyinsa ne daga iPhone 12 a shekarar 2020, saboda haka taki tana da shi, kuma tana iya karɓar caji har wat 15 ta wannan hanya ba tare da kebul ba. Ta maigida tana caji ba tare da kebul ba, amma babu wannan zobe a jikinta, don haka sai an saka mata kes mai maganaɗisu sannan caja za ta kama ta. A ɓangaren Android, kaɗan ne suka zo da maganaɗisu a jiki, kamar Pixel 10 ta Google da ta fito a 2025. Hatta a gidan Apple ma, iPhone 16e ba ta da shi.

Game da bambancin farashi kuwa, mannewa daban, saurin caji daban. Kowane kamfani yana iya jera maganaɗisu a cikin faifan caja ya rubuta cewa ya dace da MagSafe, kuma lallai zai manne, amma idan cajar ba ta da shaidar Apple ko shaidar Qi2, iPhone ba za ta karɓi fiye da wat 7.5 daga gare ta ba, wato rabin abin da take iya ɗauka, ko da kuwa an buga 15W da manyan baƙaƙe a jikin kwalin. Qi2 ma'auni ne da ƙungiyar Wireless Power Consortium ta sanar a 2023, an gina shi a kan tsarin maganaɗisun Apple, kuma shi ne ya ba wa sauran kamfanoni damar yin caja mai ba da wat 15 cikakke a farashi mai sauƙi. Saboda haka tambarin Qi2 za ki nema a kwali, shi ne kuma zai yi muku aiki ku biyun. Ki tabbata kin sabunta manhajar wayarki, domin iPhone 13 ta samu goyon bayan Qi2 ne ta hanyar sabuntawa.

Akwai abin da mutane da yawa suke mantawa, wato kan caja. Yawancin faifan nan ana sayar da su babu kai, kuma suna buƙatar kai mai ramin USB-C da ya kai wat 20 aƙalla. Idan kika jona shi da tsohon ƙaramin kan da ke gida, caji zai yi ta jan ƙafa, ki ɗauka faifan ne bai da kyau. Ki haɗa kuɗin kan a lissafinki tun farko, sau da yawa shi ne yake cinye rangwamen da aka yi miki.

Tunda kin ce ta hannu kika saya, ina ba ki shawara ki gwada ta a kan cajar wani kafin ki biya ko kwabo. A teburina ina yawan buɗe wayoyin da aka canza wa gilashin baya ko aka sake musu jiki gaba ɗaya, in tarar zoben ya karye gida biyu, ko an mayar da shi a karkace, ko ma babu shi sam. Irin wannan waya tana mannewa da rauni, tana kuma yin zafi fiye da ƙima.

Direban Abuja zuwa Kaduna:

Malam mai gyara ya yi bayani mai gamsarwa, amma ni ina da ja a kan ko wannan caja ta dace da yanayinmu. Caji ba tare da kebul ba yana zubar da wani kaso na wutar a matsayin zafi, kuma Apple da kansa ya ce an tsara iPhone ta yi aiki ne tsakanin digiri 0 zuwa 35. A watan Afrilu kuwa zafin Kano ko Sakkwato yana haura 40 a inuwa, balle cikin motar da ta wuni a rana. Na yi amfani da abin riƙe waya mai caji a gaban mota, ina bin taswira, rana tana dukan gilashi, sai wayar ta dushe haskenta, caji ya tsaya a kashi 80 ya ƙi gaba har sai ta huce. Abin da nake yi yanzu shi ne, na sayi mariƙi mai maganaɗisu zalla wanda ba ya caji, na maƙala shi a bakin iskar AC, idan ina buƙatar wuta kuma in jona kebul. Ya fi araha, wayar kuma tana zama da sanyi.

Haka nan idan wuta a unguwarku ta awa biyu ce ta ɗauke, Hajiya, kebul ne abokin tafiyarki, domin shi ne zai cika miki batir kafin a ɗauke. Faifan maganaɗisu na mai tsayayyar wuta ne ko sola, wanda zai ajiye waya a gefen gado da dare. Batun fawa bank mai mannewa ma haka yake: mai 5,000mAh da ƙyar yake cika waya irin taki sau ɗaya idan ta mutu, saboda asarar da ake yi a hanya. Idan za ki saya, ki zaɓi wanda yake da ramin kebul kuma, don ki samu zaɓi.

Maman 'Yan Biyu:

'Yar'uwa, ni a kan kes zan yi magana, domin a nan aka fi cutar mutane. Akwai kes mai garai-garai da aka zana wa farin zobe a baya, wanda ado ne kawai, babu maganaɗisu ko ɗaya a cikinsa. Idan a kasuwa kike, kamar Farm Centre a Kano ko Banex a Abuja, gwajin mai sauƙi ne: ki ɗora allura ko fil a kan zoben, idan bai kama ba ki ajiye shi. A intanet kuwa ba ki da wannan dama, sai dai ki karanta ra'ayin waɗanda suka saya, musamman masu ƙorafi da waɗanda suka saka hoton abin da ya iso hannunsu, sannan ki duba ko ana karɓar kaya idan an mayar. Ki kuma lura da sunan wayar da kyau, domin kes ɗin 13 ba zai shiga 13 Pro ko 13 mini ba. Na maigida kuma a nemi wanda aka yi wa S25 takamaimai, saboda zoben ya faɗa daidai kan wurin da wayar take karɓar caji. Kada a yarda da farantin ƙarfen nan da ake liƙawa a bayan waya don mariƙin mota, yana tare caji kuma yana ɗaukar zafi.

Sai hattara guda biyu da ban ga an ambata ba. Kada a bar katin ATM ko fasfo tsakanin waya da faifan caji, wanda wannan ya shafi masu cusa kati a cikin kes, kuma mu mata da yawa muna yin haka. Na biyu, idan akwai mai na'urar taimakon bugun zuciya a gida, Apple ya ce a nisanta wayar da kayan MagSafe daga na'urar da fiye da santimita 15, idan ana caji kuma fiye da santimita 30.

Shi kuwa rangwamen, kada agogon da ke ƙirga lokaci a shafin ya tayar miki da hankali. Wasu masu sayarwa suna rubuta tsohon farashi mai tsada su ja masa layi don sabon ya yi kama da garaɓasa, don haka ki tambayi kuɗin abin a kasuwa ko a wani shagon kafin ki yarda an rage miki, ki kuma haɗa da kuɗin kawowa.

Malamar Firamare:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada wayata a kan cajar wata abokiyar aikina, ta manne da ƙarfi, alamar caji ma ta fito, don haka zoben yana nan lafiya. Zan sayi faifai ɗaya mai tambarin Qi2 tare da kai mai wat 20, tunda muna da sola a gida, kes ɗin mu biyu kuma zan je kasuwa da allurata in zaɓa. Fawa bank na jingine shi tukuna. Malam mai gyara, saura tambaya ɗaya: barin waya a kan faifai har asuba yana rage ƙarfin batir?

Mai Gyaran Waya:

Wayar tana yanke wuta da kanta idan ta cika, Malama, zafi ne abin gudu. Ki kunna tsarin inganta caji da ke sashen batir a saitin wayar, wanda yake tsayar da ita a kashi 80 ya ƙarasa kusa da lokacin da kika saba tashi, sannan ki ajiye faifan a kan teburi ko dirowa inda iska take ratsawa, kada ki sa shi a kan katifa ko ƙarƙashin filo.