Kwamfutata ta maƙale a "grub rescue", a taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da laftof HP mai ɗauke da Windows 10 da Ubuntu 22.04 a faifai ɗaya. Shekaranjiya na shiga Windows na goge wani ɓangaren faifan don in samu fili, ashe a nan Ubuntu yake zaune. Da na sake kunnawa sai baƙin allo kawai, da rubutu "no such partition", a ƙasa "grub rescue>" (GRUB ita ce manhajar da ke tayar da Ubuntu ko Windows idan an kunna kwamfuta). Na buga umarnin ls, ya jero ɓangarorin faifan daga (hd0,gpt1) zuwa (hd0,gpt4), na gwada kowanne, babu wanda ke da fayilolin GRUB.

Na danna F9 wurin tashi don in zaɓi abin da za ta tashi da shi, Windows Boot Manager (mai tayar da Windows) bai fito a jerin ba sam.

Na kai wa wani mai gyara a kasuwar Taminus ta Jos, ko minti biyu bai yi da ita ba ya ce sai dai a wanke ta gaba ɗaya. Ni kuwa aikin kammala karatuna na Jami'ar Jos yana ciki, babi huɗu, ban kwafe ko'ina ba (na sani, kada ku yi mini faɗa).

Ina da filashi mai Ubuntu. In fara kwashe fayilolin da shi, ko in nemi na Windows in gwada bcdboot (umarnin gyara fayilolin tashin Windows) tukuna? Wanne ne ba zai taɓa mini babukan ba?