Wai zafin rana yana ƙarfafa garkuwar jiki?

Ɗan kabu-kabu: Salamu alaikum. Wani ɗalibi da na ɗauko yau ya ce mini idan rana ta lalata ADN ɗin fata, wato sinadarin gadon halitta da ke cikin ƙwayoyinta, garkuwar jiki takan farka. Ke nan mu masu wuni bisa moto cikin ranar Afrilu a Tawa mun fi 'yan biro lafiya?

Yaya Lokotoro: Ƙanena, rabin magana ka ɗauko. Farkawar gaskiya ce. Mazaunin ADN yana can tsakiyar ƙwayar halitta, kamar hatsi cikin rumbu. Idan ya kakkarye har wani guntu ya zubo waje, akwai mai gadi da ake kira cGAS, wanda Zhijian Chen ya gano a Amurka a 2013. Mai gadin nan bai san naka ba, bai san na birus ba. Da ya ga ADN a inda bai kamata ba sai ya tada abokin aikinsa STING, a fara zuba intaferon, sinadarin gangamin yaƙi da birus, wuri ya kumbura. Wannan ita ce garkuwar da aka haife ka da ita, ba wadda rigakafi ke koya wa jiki ba. To amma ihun "ɓarawo" ba alamar gida na lafiya ba ne.

Kawu: Ku dai da boko. Shekara arba'in ina noma cikin rana, ga ni garau.

Yaya Lokotoro: Allah ƙara lafiya, Kawu. Abu biyu ne suka tsare ku: baƙar fata da ke tare UV, wato ɓangaren hasken rana mai lalata ADN, da magyaran da ke cikin jiki. Ba rana kaɗai ba, ko a inuwa ADN na samun dubban lahani kullum a kowace ƙwaya, ana yanke ɓarnar ana ɗinkewa. Kan wannan aikin ne aka ba Tomas Lindahl, Paul Modrich da Aziz Sancar kyautar Nobel a 2015.

Malama: Kawu, ku yi haƙuri in sa baki. A ajina akwai yarinya zabiya. Ran da ta manta malfarta, kafin a tashi kunnuwanta da bayan wuyanta sun yi jajir, bayan kwana biyu suna saɓa. Wannan jan shi ne farkawar da ake yabo. In alheri ne, da zabiya sun fi kowa lafiya, alhali kansar fata ce ke cin su.

Ɗan kabu-kabu: To ai masu kansa ma gashi ake yi musu. Ba lalata ADN ɗin ake yi da gangan ba?

Yaya Lokotoro: Nan kam ka kama ni. Haka ne, kuma cikin amfanin gashi har da tada garkuwa ta far wa ƙarin. Sai dai awo ake yi, a saita kan ƙari kaɗai. Rana ba ta awo. Hasali ma UV mai yawa yana rage wasu ƙwayoyin tsaro na fata, shi ya sa wasu mutane ƙurajen leɓe ke taso musu bayan sun sha rana. Kuma ga abin da ya fi ba ni tsoro: akwai jariran da ake haifa da tawaya a TREX1, mai share guntayen ADN. Shara ta taru, gangami ya ƙi tsayawa, yaro ya zo kamar birus ya kama shi tun a ciki, a bincika ba a samu komai ba, intaferon ɗinsa ne ke illata masa ƙwaƙwalwa. Likitocin Faransa biyu, Aicardi da Goutières, suka bayyana cutar a 1984.

Kawu: Ni dai ban gamsu ba. Wanda bai saba da rana ba shi ke faɗuwa.

Malama: Sabo da zafi daban, Kawu, ba a yi muku musu a kansa ba. Ai ku ma ban taɓa ganin ku a gona ba malfa ba.

Kawu: Wannan don sanƙo ne.