Musayar waƙa: Jimmy Peters, ɗan zari-rugan da aka kora kan kuɗin gudummawa

Baban Ilham:
Salam 'yan uwa, yau ni zan buɗe fage da wani bawan Allah da labarinsa ya hana ni barci jiya wlh, Jimmy Peters, baƙar fata na farko da ya buga wa Ingila ƙwallon zari-ruga. Amsa-amo "ya" ne, wanda ya karya tarar goro.

A Salford aka haife shi a 1879, tun yana ƙarami ya san wuya,
Uba ɗan Jamaika mai wasa da zakuna, su suka kashe shi, yaro ya zam maraya.

Mai Shayi:
Na karɓa yaya.

Sai ya koma wasan doki, yana tsalle ba ko sirdi a baya,
Ranar da hannu ya karye suka yar da shi kamar tsumma a hanya,
Gidan marayu a Landan ya rene shi, sassaƙa da ƙwallo duk ya iya.

Anti Larai:
Ku matsa yara, kun bar wurin daɗin.

Daga Bristol ya sauka Plymouth, ƙwallo a hannu ba mai sa shi tsaya,
Maris 1906 Ingila ta kira shi, suka bi Sukotlan har gida suka sa ta kunya,
Da 'yan Afirka ta Kudu suka zo a shekarar sai aka ajiye shi, kowa ya san dalili ba sai an tambaya,
Wasa biyar kacal ya samu, kai jama'a, ina gaskiya?

Mai Shayi:
Anti wannan layi na uku ai ya fi titin Kaduna tsawo hhh

Anti Larai:
Haushi ne ɗana, ci gaba kawai.

Baban Ilham:
Lokacin dokar wasan ita ce ko sisi ba a biya,
1910 a ma'aikatar jiragen ruwa ya rasa yatsu uku, ya sha jinya,
Kulob ɗinsa ya haɗa masa gudummawa, hukuma ta ce haram, ta dakatar da shi ba kunya,
Dole ya koma kulob ɗin Barrow a 1913, a ɓangaren zari-rugan da ake biyan 'yan wasa ba ɓoye-ɓoye ba ƙarya.

Ɗan Autan Zaure:
Ya rasu 1954 a Plymouth, ya bar duniya,
Shekara 80 bayan wasansa na ƙarshe kafin wani baƙi ya bi wannan hanya,
Chris Oti ne a 1988, shi kuma jinin Najeriya.

Mai Shayi:
Yaya ka maimaita "kunya" da Anti ta riga ta sa, Auta ma ya kwashe min "hanya", goro biyu nake jira kuma ban da daushe.