Zuba ifoksi a kan teburin madaci: wane iri, lita nawa, wane lokaci?

Nura: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar manya. Teburin falo ne na katakon madaci, tsawonsa santimita 120, faɗinsa 60, ana so samansa ya fito kamar an ɗora gilashi. Wane irin ifoksi ya dace, lita nawa zai ci, kuma za a iya zubawa yanzu da ake tsakiyar bazara?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Nura, kafin maganar lita, ka san ifoksi rezin ne, ruwa biyu, A da B, da ake haɗawa su daskare kamar gilashi; iri biyu ne a kasuwa kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Akwai na shafe, mai kauri kamar zuma, wanda yawanci ake haɗa shi ɗaya da ɗaya, kofin A da kofin B. Wannan ba a zuba shi ya wuce kaurin milimita 3 zuwa 5 a karo guda. Akwai kuma na zurfi, mai ruwa-ruwa, yawanci biyu da ɗaya, wanda ake cika rami da shi har santimita 3 zuwa 5 gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta, yana ɗaukar kwana 2 zuwa 3 kafin ya kama. Naka aikin na shafe yake so. In ka shimfiɗa na zurfi a saman tebur, zai zurare ta gefe ya bar maka sama ba kauri, ga shi ya daɗe a jiƙe yana kwasar ƙura.

Lissafin kuwa: lita 1 tana rufe murabba'in mita 1 da kaurin milimita 1. Naka a santimita, da kaurin milimita 3, 120 sau 60 sau 0.3 ne, ya ba da mililita 2,160, wato lita 2 da ɗan kai. Gefe zai sha, wani zai ɗiga ƙasa, saboda haka ka ware lita 2 da rabi. Sai kwatan lita na shafen farko, da wani kwatan na ƙarƙashin teburin. Kada abin da za ka saya ya gaza lita 3.

Alhaji Sale: Ƙari a kan na Malam Habu, a yi hattara wajen saye. Akwai ruwan da masu gyaran tankin ruwa da bambar mota suke aiki da shi, shi ma rezin ake ce masa, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Ba shi ba ne. Ana gane shi da wari mai hawa kai, kuma abin daskarar da shi a 'yar ƙaramar kwalba yake zuwa, ɗigo-ɗigo ake sa shi. Yana tsukewa in ya bushe, ya saki katako daga gefe, samansa kuma kan zauna da danƙo. Ifoksin tebur galan biyu ne manya, warinsa kaɗan. Duk wanda aka ɗura maka a jarka ba takardar da ta faɗi awon haɗi, bar shi, ko nawa aka rage maka.

Injiniya Garba: Nura, tambayarka ta uku ita ce mai nauyi. Ifoksi ba bushewa yake yi kamar fenti ba. A da B ne suke haɗuwa su zama abu ɗaya, kuma haɗuwar tana fitar da zafi. Zafin yana ƙara wa haɗuwar sauri, saurin ya ƙara zafi. Mintunan aiki da ake rubutawa a jikin galan an auna su ne a wajen digiri 22 zuwa 25. Duk ƙarin digiri 10, lokacin yana raguwa kusan rabi. In an rubuta minti 30, a ɗakin da ya kai digiri 35 ka lissafa 15. A shagon kwano da azahar a watan Afrilu kuwa, sai ya kama a cikin bokitin kana kallo, ya yi hayaƙi, ya narkar da robar.

Don haka kada ka haɗa lita biyu da rabin nan a mazubi guda. Raba ta biyu, ku zama mutum biyu, ɗaya na juyawa ɗaya na shimfiɗawa. Da ka gama juyawa ka juye shi duka a kan teburin nan take, domin a shimfiɗe zafin yana fita, a tare cikin kofi ne yake taruwa. Galan ɗin kuma su yini a wuri mafi sanyi a gidan.

Alhaji Sale: Ni dai shawarata a bazara a zuba bayan asuba, lokacin ne gari ya fi sanyi.

Malam Habu: Alhaji, a shafen ƙarshe na yarda, amma ban da na farko. Katako cike yake da ƙananan ƙofofi masu iska, madaci ma nasa a buɗe suke sosai. Da safe katakon yana ɗumama ne, iskar cikinsa tana faɗaɗa tana fitowa, sai ka ga kumfa na tasowa daga wuri ɗaya, ka fasa ta dawo. Da yamma kuwa yana hucewa, sai ya riƙa zuƙar ruwan ciki. Shafen farko a yi shi bayan magariba.

Ga yadda za ka bi, Nura. Goge saman da samfefa lamba 80, sannan 120, ka tsaya a 180, kada ya yi santsi da yawa don ruwan ya sami abin kamawa. Share ƙurar, ka goge da tsumma mai ɗan asiton, ruwan nan mai narkar da maiƙo. In loko ne ko wani katako mai maiƙo, wannan gugar dole ce. Haɗa kwatan litar nan ka shafa siriri da burushi, har gefuna da duk wata tsaga. In ya kai yana ɗan kama yatsa amma ba ya biyo shi, ana iya zuba babban a kai. In ya riga ya bushe ƙarau, sai ka karce shi da 220 tukuna, in ba haka ba na biyun ba zai riƙe ba. Inda ka ga katakon ya shanye ya koma ba ƙyalli, maimaita wurin. Ƙarƙashi ma a shafe shi. Wanda aka rufe samansa aka bar ƙasansa yana shan danshin damina ta fuska ɗaya, sai ya lanƙwashe.

Sannan katakon ya zama busasshe na gaske, danshinsa bai wuce kashi 12 cikin 100 ba in kana da na'urar awo. Ɗanyen katako yana sa fari-fari kamar hazo a ƙarƙashin ruwan, kuma ba ya gyaruwa.

Alhaji Sale: Na karɓi gyara, Malam. Amma mai aikin dare ya tanadi murfi, don ƙwari na bin fitila. Babban kwali ko rumfar leda a kan sanduna, a kife da zarar an gama fasa kumfa, a kashe wutar.

Hajiya Binta: Ba wanda ya taɓo awo da juyi, alhali nan aka fi yin asara. In takarda ta ce ɗaya da ɗaya a kofi, to a kofi mai layin awo za a auna. Kada a ɗora a sikeli a yi giram daidai da giram, domin A ya fi B nauyi, sai B ya yi yawa. In sikeli kake so, nemi awon nauyi da kamfanin ya bayar, daban yake. Kuma ƙara B ba ya sa saurin kamawa, lalata haɗin yake yi ya bar shi da taushi har abada.

Juya a hankali minti 3 zuwa 4 da faffaɗan icce, kana kankare gefe da gindin mazubin. Sai ka juye cikin wani mazubi mai tsabta ka ƙara minti 1. Wajen zubawa kada ka kankaro ragowar jikin kofin, ita ce ba ta haɗu ba, ita ce ke barin tabo mai danƙo a tsakiyar tebur. In hakan ta faru ba jira ne maganinsa ba: a kankare wurin tas, a goge da asiton, a karce, a sake zubawa.

Nura: Na gode ƙwarai. To kumfar fa, da me ake fasa ta? Na'urar busar da gashi za ta yi?

Injiniya Garba: Ba ta yi. Iskarta ta fi zafinta, tana tura ruwan ya yi tudu da kwari, tana kuma watsa masa ƙura. Ƙaramin tocin gas ya fi, ko bindigar zafi ta masu cire fenti. Riƙe shi nesa da saman kamar santimita 15 zuwa 20, kana wucewa da sauri kamar mai guga, kada ka tsaya wuri ɗaya ko na daƙiƙa biyu, yana ƙonewa ya yi rawaya ya tattare. Bi sau ɗaya bayan minti 5 da zubawa, ka riƙa leƙawa har rabin awa, daga nan ka ƙyale shi. Kwalbar asiton da tsummansa su bar ɗakin kafin a kunna wuta.

Kafin duk wannan, daidaita teburin da awon ruwa irin na magina, ta tsawo da ta faɗi. Ruwan yana bin gangare komai ƙanƙantarsa. Manna salatif a bakin ƙarƙashi zagaye, ɗigon da ya taru sai ya fita tare da shi washegari.

Maryam: Hajiya, mu masu ƙananan kaya fa, faranti da matashin kofi da abin maƙala makulli? Kala nawa ake sawa, kuma me ke sa fure ya yi baƙi a ciki?

Hajiya Binta: Ƙanwata, kala kada ta wuce kashi 5 cikin 100 na haɗin, kuma yawanci ba a ma kai haka. Hodar ƙyalli kan tsinken cokali ta isa mililita 100. Ki nemi kalar da aka yi don rezin, fentin ruwa yana sa shi ya yi gajimare ko ya ƙi kamawa. Furen kuwa danshi ne. Sai ya bushe ƙayau, ko a matse shi cikin littafi mako biyu, ko a binne shi cikin ƙwayoyin nan masu shan danshi irin na cikin kwalin sabon takalmi. Ki zuba rabi, ki jira ya fara kauri, ki ɗora furen, sannan ki cike, in ba haka ba zai taso sama. Mazubin silikon ba ya son toci, yana manne wa aikin. Tsinken sakace ya isa fasa kumfar gefe.

Safar hannu kuma ba ta ado ba ce. Ki sa ta naitiril, shuɗiyar nan. Ruwan B in yana yawan taɓa fata, wata rana jiki kan ƙi shi gaba ɗaya, ƙaiƙayi da ƙuraje duk lokacin da aka kusance shi, kuma ba ya komawa. In ya taɓa ki, sabulu da ruwa, ban da tina, ita tana shigar da shi cikin fata ne. A buɗe taga, a sa takunkumi wajen guga, yara su yi nisa. Kada kuma a yi allon yanka nama ko albasa da shi, wuƙa na kankaro shi cikin abinci.

Alhaji Sale: Nura, abin da za ka gaya wa mai teburin tun kafin ya ɗauka: awa 24 ya daina kama hannu, kwana 3 a iya ɗora abu mara nauyi, amma ƙarfinsa sai ya yi mako. Ko bayan nan, yawancinsu suna fara laushi daga digiri 50 zuwa 60. Butar shayi, tukunya daga kan wuta, kaskon turaren wuta, duk suna barin zobe. A sa matashi a ƙarƙashinsu. Rana kuma tana mayar da shi rawaya a hankali, har wanda aka rubuta yana jure hasken rana jinkirtawa kawai yake yi. A kan madaci da yake ja ne ba a cika gani ba, amma kada a ajiye shi a baranda.

Nura: In aikin ya kai mu damina ko hunturu fa?

Malam Habu: A damina ka guji ranar hadari. Danshin iska yana haɗuwa da B ya bar wani maiƙo-maiƙo a sama kamar an shafa kakin zuma. Ana wanke shi da ruwan ɗumi da soso, kuma dole a wanke kafin guga ko ƙarin shafe. A hunturu ruwan yana yin kauri ya riƙe kumfa, sai ka tsoma galan ɗin a rufe cikin ruwan ɗumi minti 15, ka goge jikinsu sosai kada ɗigon ruwa ya faɗa cikin haɗin. Ka yayyafa wa daɓen ɗakin ruwa kaɗan don ƙura ta kwanta, ka toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ɗakin ya kwana a rufe.