Magama da gammo: ku taya ni tsayar da kalmomin nan biyu

Jama'a, ƙanena mai karatun injiniyan gini ya kawo mini bayanin wani zane in mayar masa da shi Hausa. Filin jirgin sama ne irin wanda Turawa ke kira "multimodal hub", wato wurin da jirgin sama da jirgin ƙasa da bas da tasi ke haɗuwa ƙarƙashin rufi ɗaya. Ka sauka daga wannan ka hau wancan, ba ka fita rana da kaya a ka ba.

Na fara rubuta "tasha", na goge. Tasha ta abin hawa iri ɗaya ce. "Cibiya" kuwa mun gajiyar da ita, kowane ofishi yanzu cibiya ne. Wani dattijo a majalisarmu ya ce in sa "zango", amma a zango sauke kaya ake yi a kwana, nan kuwa wucewa ake yi.

Ni "magama" ta kwanta mini. Mu Sakkwatawa mun san magamar ruwa, inda gulbin Rima da na Sakkwato ke gamuwa su tafi tare. Sai mu ce magamar sufuri. A Abuja akwai kamarta tun 2018, jirgin ƙasa na ɗauko mutum daga filin jirgi zuwa Idu, inda layin Kaduna yake. Mu kuwa layin dogo a Ƙaura Namoda ya tsaya, wanda ya sauka a filin Sultan Abubakar III sai mota.

Kalma ta biyun ce ta hana ni barci. Akwai abin da ake girkawa tsakanin harsashin gini da ginshiƙansa, mai santsi, don in ƙasa ta girgiza ita ta motsa, ginin ya yi ɗan lilo a hankali ya koma mazauninsa. Ginin filin jirgin Sabiha Gokcen na Istanbul da aka buɗe a 2009 yana zaune a kan kusan 300 irinsu. Kada a ce bai shafe mu ba, mutanen Mpape a Abuja sun ji ƙasa ta motsa a 2018.

Ina wannan tunani na ga wata yarinya mai tallar fura ta naɗe tsumma ta aza a ka, ta ɗora ƙwarya, ta tsallake kwata, nonon bai zuba ba. Gammo! Shi ne tsakanin kai da kaya.

Ƙanena ya ce, "Yaya, gammo ai ba ya zamewa." Gaskiyarsa. Amma wanda ya ji "gammon gini" ya riga ya gane inda yake da abin da yake karewa, sauran bayani na malami ne a aji. Na rubuta masa haka. Mai wadda ta fi ta ya kawo kafin Juma'a, ranar zai miƙa aikin.