Ta yaya maƙesu ke kunna wuta bai ƙone ba?

Ɗan Fadama: Salamu alaikum. Ƙwaron nan mai walƙiya da daddare a damina, musamman bakin fadama, daga ina haskensa ke fitowa? Me ya sa ko ka damƙe shi a hannu ba ka jin zafi? Kuma ba tallan kansa yake yi wa masu cinsa ba?

Malamar Kimiyya: Wa alaikumus salam. Ba wuta ba ce, haɗin sinadarai ne a ƙarƙashin gaɓoɓin ƙarshe na cikinsa. Abu biyar ke haɗuwa: lusiferin, wanda shi ne makamashin; lusiferas, mai hanzarta aikin; ATP, wato kuzarin ƙwayar halitta; sai maganiziyam da iskar oksijin. Da zarar oksijin ya taɓa lusiferin, sai ya rikiɗe, ƙarfin ya fito a matsayin haske kore-kore mai ɗan rawaya. Zafin da ke fita kaɗan ne ƙwarai. Bayan wurin akwai wani farin shimfiɗi mai mayar da hasken waje kamar madubin tocila.

Kunnawa da kashewa kuwa, oksijin yake buɗe wa hanya ya kuma toshe. Shi ya sa in an murƙushe shi, hasken kan ɗan jima a yatsa sannan ya dushe, ATP ya ƙare ke nan.

Baffa Manomi: Malama ta gama da sinadarai. Dalilin kuwa neman aure ne. Irin maƙesu ya haura 2,000, masu ƙiftawa a cikinsu kowane da salonsa. Wani na Amurka, Photinus pyralis, namijin kan ƙifta duk bayan daƙiƙa biyar zuwa shida yana tashi, macen na kan ciyawa ta amsa bayan kamar daƙiƙa biyu. Matan wani irin maƙesu mai suna Photuris kuma sukan kwaikwayi wannan amsa, namiji ya sauko, su cinye shi don su sami dafin jikinsa.

Batun masu cinsa, wannan dafin ne kariyarsa. Hasken gargaɗi ne cewa shi ba abin ci ba ne. Ko tsutsarsa, wadda ke cin dodon koɗi a ƙasa mai laima, tana haske.

Malamar Kimiyya: Haka ne Baffa. Mai son ganinsu kusa da gida ya kashe fitilar waje, don hasken lantarki kan rufe musu sigina har su kasa gane juna. A rage feshin maganin ƙwari kusa da ruwa. In yara sun tara su a kwalba, a sa ɗan jiƙaƙƙen tsumma a ciki, domin bushewa ce ke saurin kashe su, kuma a sake su a daren.